Rufe Taron Masu Manhaja: Fara Lissafi Daga Tasha

An zauna an raba aiki. Wani ya ɗauki abinci, wani janareta, wata ta karɓi rajistar mahalarta. Da aka zo kanka sai aka ce, "Kai ka ji da zaman rufewa." Ka yi murmushi, a ranka kana cewa ka sha da sauƙi: godiya, addu'a, hoto, kowa ya kama gabansa.

Ƙanena, jawo kujera. Ba ka sha ba.

Taron masu manhaja ya daina zama abin Legas da Abuja kaɗai. Ƙungiyoyin GDG na shirya DevFest a Kano da Kaduna da Sakkwato wajen ƙarshen shekara. Masu rubuta Wikipedia ta Hausa na tara matasa suna koya musu gyaran maƙala. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 ya ƙara yawan masu saɓa jakar laftof a jihohinmu. Kai da ka fito daga Unguwar Lalle, ko Tsamaye, ko Gatawa, ko Isa, ko dai kana cikin masu shirya irin wannan taro a birnin Shehu, ko kuma kai da abokanka kuna son haɗa naku ɗan ƙarami a gida. Ko wanne ne, zaman ƙarshe shi ke nuna ko an yi aiki ko kuwa taron tsintsiya aka yi ba shara. Aikinsa biyu ne kacal: ya ɗora wa mutane aiki da sunansu, kuma ya sallame su da sauran rana.

1. Kira direba kafin ka kira babban baƙo

A wasu garuruwan ajanda ce ke yanke lokacin tashi. A ƙasar Gobir hanya ce ke yankewa. Ba sai na tsaya yi maka bayanin halin da hanyoyin gabashin Sakkwato suke ciki ba, ka fi ni sani.

Gobe da safe ka je tasha, ko ka kira direban da ka saba shiga motarsa. Tambaya ɗaya za ka yi masa: ƙarfe nawa motar ƙarshe ke tashi, wadda shi kansa zai yarda ya sa ƙanwarsa a ciki? Amsar da ya ba ka ita ce ginshiƙin ajandarka. Daga nan sai ka yi lissafi da baya-baya.

Mu ce ya ce ƙarfe 3:00. Mutane na buƙatar rabin awa su tattara kaya su isa tasha, don haka a shafa fatiha da 2:30. Zaman rufewa ya fara da 1:45. Azahar a yi ta a farkon lokacinta, a ci abinci, a dawo. Kada ka ce ai rana ba ta faɗuwa sai bayan shida. Motar da ta tashi da la'asar sakaliya, taya ɗaya ce za ta fashe magariba ta riske ta a daji.

In a Sakkwato ake taron kuma ba yadda za a yi a tashi da wuri, to ka faɗa wa 'yan Sabon Birni da Isa tun kafin su baro gida cewa kwana za su yi. Ka nema musu masauki, matan daban, ka sa kuɗinsa a kasafi. Wanda aka faɗa wa tun farko zai zo da shirinsa. Wanda aka ƙyale sai ya ga rana ta karkata, shi ne zai sulale daga ɗakin taro ya kama hanya shi kaɗai.

Wani abu kuma: lokacin tashin motoci da hanyar da za a bi, a faɗe su da baki a cikin ɗaki. Ban da Facebook, ban da sitatus. Hotunan taro ma su jira sai kowa ya isa gida.

2. Minti 45, a rubuce

Ba awa ɗaya ba. Mutumin da ya wuni yana kallon allo, ga tuwo ya sauka, ba shi da awa ɗaya da zai ba ka. Ga yadda ni nake yanka su: minti 15 na nunin aiki, 12 na rabon aiki, 3 na hisabin kuɗi, 5 na godiya, 5 na babban baƙo, 3 na sanarwa, 2 na addu'a.

Rubuta shi a takarda guda uku: ɗaya a hannunka, ɗaya wajen mai gabatarwa, ɗaya wajen mai kula da agogo. Mai agogon ya zauna a sahun gaba da kwali biyu, an rubuta "Saura minti 1" a ɗaya, "Lokaci ya yi" a ɗayan. Ka zaɓi wanda ba ya jin nauyin ɗaga kwali. In ka sa mai kunya, ka yi asarar kwali.

Hoton haɗin gwiwa ba ya cikin mintunan nan. A ɗauke shi da an idar da sallah, kafin a koma ciki, lokacin da kowa yana nan kuma ga haske. Hoton da aka bari sai bayan fatiha, rabin mutane sun riga sun hau kabu-kabu.

3. Manya a buɗewa, ba a rufewa ba

Nan ne yawancinmu ke faɗuwa. Na taɓa zama a wani taro da aka ajiye jawaban manyan baƙi sai ƙarshe. Babban baƙon ya iso a makare da awa biyu, aka dakatar da komai ana jira. Da ya zo, kowane mai magana sai ya jero sunayen manyan da ke kan tebur daga farko har ƙarshe kafin ya ce uffan. Aka yi jawabi biyar. Wata yarinya da ta yi wata guda tana shirya nunin aikinta ta rufe laftof ɗinta ta tafi, don an kira ta daga gida. Har yau in na tuna raina sai ya sosu.

Ba cewa na yi a raina manya ba. Taro a ƙasarmu ba ya tsayuwa ba da sanin hakimi da mai gari ba, kuma albarkarsu ake nema. Sai dai kowane abu da muhallinsa. Ka ba su buɗewa da safe, su yi jawabi a tsanake, a raka su har mota. A rufewa, mutum ɗaya kawai, minti biyar.

Yadda za ka faɗa ba tare da ka ɓata ba? Ka je da kanka kwana biyu kafin taro, tare da dattijon da ake jin maganarsa. Bayan gaisuwa ka ce: "Ranka ya daɗe, akwai yaranka da za su kama hanya, muna so su isa da rana. Shi ya sa muke roƙon a sa mana albarka a taƙaice." Babu basaraken da ya san ƙasar nan da zai ƙi wannan uzuri. In ya makara, mai gabatarwa ya ci gaba da shiri. In ya iso a miƙe a tarbe shi, a ba shi mintunansa, a ɗora daga inda aka tsaya.

4. A nuna aiki, a bar labari

A manyan tarukan masu Python, waɗanda ake kira PyCon, akwai al'adar gajerun jawabai na minti biyar-biyar. Lokacinka na cika za a tafa maka ka sauka, ko kai wane ne. Ari wannan al'ada, don ta dace da mu.

Mutum uku, minti biyar kowanne. Kada ka zaɓo gwanayen da suka riga suka yi magana da safe. Nemo wanda ya zo bai iya ba, ya tashi da ɗan abu a hannu: wadda ta ƙirƙiri maƙalarta ta farko, wanda ya haɗa fom ɗin tattara bayanai da KoboToolbox, wanda ya rubuta ɗan shirin da ke lissafa bashin shagon babansa. Cikin ukun lallai a samu mace, kuma kada a bar ta a ƙarshe inda lokaci ke cinye mutum. Ita ta fara.

Ka sanar da su tun kafin azahar, ka duba abin da za su nuna da idonka. Duka ukun a kan kwamfuta ɗaya, an riga an jona ta da majigi. Canjin laftof a gaban jama'a kaɗai na iya cin minti goma ana neman igiyar da ta dace.

Kuma kada nunin kowa ya dogara da sabis. Ka tuna watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa. Mutanen bakin iyaka da layukan Nijar suka riƙa lallaɓawa. Ko ba a katse ba, ka san yadda sabis ke yi mana ranar da muka fi buƙatarsa. Kowane mai nuni ya naɗi bidiyon allonsa tun da wuri. In intanet ta ƙi, a kunna bidiyon yana bayani da baki.

Da Hausa za a yi bayanin. Wanda ya iya faɗa wa kakarsa abin da manhajarsa ke yi, shi ne ya fahimce ta. In akwai baƙi daga Maraɗi ko Gidan Rumji, ka tuna su da Faransanci suka yi boko. Turancinka ba zai haɗa ku ba, Hausa ce za ta haɗa. In kuwa mai koyarwar Bayarabe ne da ya taso daga Ilori ko Ibadan, a fassara masa a kunne, a kuma bar Gobirawa su ɗan taɓa wasan taubasantaka. Minti ɗaya na dariya na farkar da ɗaki fiye da shayi.

5. Kowane aiki da sunan mai shi

Wannan shi ne zuciyar zaman, shi ya sa na ba shi minti 12, kuma in lokaci ya ƙure komai za a iya yankewa ban da shi.

Ka san yadda aka saba rufewa: "Insha Allahu za mu ci gaba da haɗa kai." Kowa ya ce amin. Wata shida babu wanda ya kira wani. Aikin da aka ce na kowa ne, ba na kowa ba ne. A PyCon, bayan an gama jawabai mutane kan ƙara kwanaki suna zaune a tebur suna aikin manhajojin da aka yi magana a kansu. Mu ba mu da kuɗin riƙe mutane kwanaki, amma muna iya hana su fita hannu rabbana.

Kafin taro, kwamiti ya zaɓi aiki uku. Uku, ba goma ba. Su zama ƙanana, waɗanda za a iya gamawa cikin wata ɗaya da wayar hannu da ɗan data. Misalai na nan birjik a ƙofar gidanka.

Na farko, tarihin gida. Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, nan kusa da ku kufansa yake. Buɗe Wikipedia ta Hausa ka ga abin da aka rubuta a kansa, da kan Bawa Jan Gwarzo, da kan garinku. Abin da ya yi ƙaranci a ƙara shi da madogara daga littattafai, abin da babu a fara shi.

Na biyu, taswira. Buɗe OpenStreetMap ka nemi Unguwar Lalle. Ka duba ko makarantar firamare da asibiti da rijiyoyin burtsatse sun fito. Amma a nan a yi hattara: a tsaya kan wuraren amfanin jama'a, a kuma shawarci mai gari kafin a ɗora komai. Ba kowane abu ne ya kamata ya hau taswira a wannan zamani ba.

Na uku, murya. Shirin Common Voice na Mozilla na tattara muryoyin masu magana da harsuna daban-daban, har da Hausa, don na'ura ta koyi jin magana. In masu harshen Kano kaɗai suka karanta, na'urar za ta tashi ba ta gane Bagobiri. Kowa ya karanta jimloli kaɗan a wayarsa, da harshensa na gida.

Yanzu ga yadda za a raba. A manna manyan takardu uku a bango, kowacce da aiki ɗaya. Mai gabatarwa ya karanta aikin, ya tambaya: wa zai jagoranta? Ya yi shiru ya jira. Shirun zai yi nauyi, kada ka cike shi da surutu. Wanda ya ɗaga hannu ya miƙe ya faɗi sunansa da bakinsa, a rubuta. A nemi mataimaki, a rubuta. A sa ranar da za su kawo rahoto, a rubuta. Sauran masu sha'awa su sa sunansu a ƙasa lokacin fita.

Sirrin da ba a faɗa: ka riga ka yi magana da mutum ɗaya a kan kowane aiki tun da safe. In ɗaki ya yi tsit, shi zai fara ɗaga hannu. Ba maguɗi ba ne, share fage ne.

Sannan a faɗi ranar haɗuwa ta gaba, da wuri, da wanda zai kira mutane. Ka duba kalanda tukuna. Ban da tsakiyar damina lokacin da kowa ke gona, ban da azumi, ban da makon jarrabawa, ban da ranar kasuwa. Wanda zai biyo ta Goronyo ya san Lahadi kasuwa ke ci, kuma wanda ke taya babansa tsaron rumfa ba zai bar ciniki ya zo koyon kod ba.

6. Kuɗi a fili, satifiket a tebur

Ma'aji ya miƙe ya karanta lamba uku: abin da ya shigo, abin da aka kashe, abin da ya rage da inda yake. Ya manna takardar a bango. Ƙungiyoyin matasa da yawa ba rashin basira ke kashe su ba, raɗe-raɗin "ina kuɗin da aka ba su?" ne.

In akwai kuɗin mota, a biya lokacin cin abinci, a ambulan, da tsabar kuɗi. Kada ka dogara da taransifa ko mai POS a daidai lokacin da mota ke jira. Kuma muddin mutane na jiran ambulan, ba sa jin abin da ake faɗa.

Satifiket kuwa, yi lissafi da kanka. Mutum 80, kowa rabin minti ya taso ya karɓa a ɗauki hoto, minti 40 ke nan. Kusan zaman gaba ɗaya ya tafi. A miƙa wa mutum uku a gaban jama'a a madadin kowa, sauran a jera su bisa harufa a tebur biyu a bakin ƙofa. A tabbatar da rubutun sunaye tun wajen rajista, don babu abin da ke tsayar da layi kamar wanda aka rubuta masa Abubakar alhali shi Abdulƙadir ne.

7. Godiya ta fara daga ƙasa

Masu ɗaukar nauyi sun ga sunansu a bana, an kuma ambace su da safe. A rufewa ka fara da waɗanda ba wanda ya gani: mai janareta, matan da suka yi girki, yaron da ya jera kujeru tun da asuba, mai gadin makarantar da aka ara. Ka kira su da suna, su miƙe, a tafa musu.

Tun 2011 ake zaɓen gwarzon shekara a cikin masu aikin sa-kai na Wikimedia. 'Yan Gana biyu sun samu: Felix Nartey a 2017, Sandister Tei a 2020. Ku ma ku yi naku daidai ƙarfinku. Mutum ɗaya, kyauta ɗaya mai amfani, ko fawa bank ko datar wata guda, tare da jimla ɗaya da ke faɗin ainihin abin da ya yi. Yabon gwani ya zama dole, kuma shi ke sa wani ya ce baɗi da ni za a yi.

8. Lambar waya amana ce

Kada ka kwashi lambobin rajista ka zuba a guruf ɗin WhatsApp. A fom ɗin rajista a sa gurbi: "Na yarda a sa ni a guruf." Wanda bai sa hannu ba a ƙyale shi. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 na nan, amma ko ba doka, ka san abin da ke faruwa in lambar budurwa ko matar aure ta faɗa hannun mutum 80. Cikin admin a sa mace, a kuma faɗi dokar guruf a ɗaki kowa na ji: wanda ya bi wata ta bayan fage, waje.

Ke kuma da kike cikin kwamiti, wannan aikin naki ne, kada ki jira a ba ki. Ki zagaya wajen mata kafin hoto ki tambayi wadda ba ta so a ɗauke ta ko a ɗora ta a intanet. Su zauna gefe guda, mai kyamara ya sani.

Jin ra'ayi kuma a takarda, tambaya uku: me ya amfane ka, me ya ɓata maka rai, me kake so a koyar nan gaba. A raba lokacin abinci, a jefa a kwali wajen fita. Fom ɗin intanet da aka ce a cike a gida, data ce za ta hana.

Kayan karatun da aka yi amfani da su a haɗa su a jaka ɗaya a waya biyu ko uku, mutane su karɓa ta Xender kafin su fita.

9. In wuta ta ɗauke

A ci gaba. Ka ajiye man janareta na awa ɗaya da ba wanda zai taɓa sai rufewa, da lasifika mai caji. In duk sun ƙi, mai gabatarwa ya matso tsakiyar ɗaki ya ɗaga murya. Takardun bango ba sa buƙatar lantarki.

10. Fatiha ba ita ce ƙarshen aikinka ba

Wanda zai yi addu'a ya san da zamansa tun safe, ya kuma san minti biyu ne. Da an shafa, mai gabatarwa ya faɗi abu ɗaya: masu nisa su fara fita.

Mutum huɗu su tsaya su share ɗaki, su mayar da kujeru, su miƙa makulli. Wurin da kuka bari da ledojin ruwa ba za a sake ara muku shi ba. Ka ɗauki hoton takardun nan uku na bango kafin a ɓamɓare su.

Kowace mota ta samu mutum ɗaya da ka riƙe lambarsa, da sunayen waɗanda ke ciki a takarda a aljihunka. In sun isa ya kira ka, ka soke sunansu. Wanda ba ka ji daga gare shi ba zuwa magariba, kai ka kira. Sai sunan ƙarshe ya soku za ka tura hotuna da saƙon godiya, tare da ayyukan nan uku, da sunan masu su, da ranakunsu.

Duk wannan na jiran amsa ɗaya ne. Gobe kafin ka karya kumallo, kira direban nan ka tambaye shi ƙarfe nawa motar ƙarshe ke tashi.